Guɗar da Na Cire wa Mayafi

Salamu alaikum mutanen gidan nan, masu magana da masu laɓewa su karanta su wuce kamar ba su zo ba. Delar Gwarzo ce. Kun saba in kawo muku na gidan wasu da zafinsa, kuna dariya kuna cewa in ƙaro. To yau na gidana ne, kuma ni ce mai laifin. Wadda bakinta ke ƙaiƙayin zagina ta daure ta kai ƙarshe, sai ta yi mai dalili.

Jannat jikata ce, 'yar ɗana Lurwanu mai sayar da hatsi a kasuwar Getso. A ɗakina ta tashi tun daga yaye, gadonmu ɗaya har sai da ƙafarta ta fara dukan haƙarƙarina na kore ta katifa. Ta yi karatunta a Kano, ta dawo da kwamfuta 'yar ninkewa, baƙa, gefenta ɗaure da salatif. Ubanta ya san tana buga wa mutane katin biki, tana gyara wa 'yan Islamiyya karatun walimarsu. Gaskiya ne, tana yi. Abin da bai sani ba shi ne yarinyar waƙa take. Ita za ta rubuta, ta rera, ta haɗa kiɗan, duk a ɗakin nan nawa, tsakanin kwabar kwanukana da buhun gero.

Ɗaukar murya lokaci take so. Sai azahar, idan mai injin niƙan bayan gidanmu ya kashe ya tafi masallaci, ta jingina katifa a bango, ta lulluɓa da bargo ita da makirfo a cikin zafin nan, ni kuma in zauna bakin ƙofa ina korar kaji. Idan hadari ya haɗo an fasa, don ƙarar ruwa a kan kwano shiga take cikin waƙa ta ƙi fita.

Haɗawar ita ce aikin. Idan ta buɗe kwamfutar za ku ga layuka kwance kamar kunyoyin gona, kowanne da launinsa. Wannan na ganga, wannan na kalangu, wannan na fiyano, ga wani mai kauri da take kira bes, ba a kunne ake jin sa ba, a ƙirji. Ga muryarta, ga amshi, shi ma ita ce ta yi sau uku ta jera su kamar mata uku. Kowane layi yana da wani ɗan abu da ake ja sama a ƙara masa ƙarfi, a ja ƙasa ya lafa. Akwai kuma wani maɓalli mai harafin M, da an taɓa shi layin zai yi toka-toka ya kama bakinsa. Wata takwas ina zaune a gefenta ina tsinkar zogale, ita tana ganin tsohuwa ce kawai ke gyangyaɗi. Ni kuwa babu abin da ya wuce ni.

Kwana uku sai ta yi a kan waƙa ɗaya. Ta ɗaga ganga, murya ta nutse. Ta ɗaga murya, wata fitila ta yi ja a saman allon, ta yi tsaki ta sauke. Ta saurara da abin kunne, ta saurara a waya, ta saurara a 'yar lasifikar da ubanta ya sayo da Sallah. Abu na ƙarshe da take yi shi take kira sa mayafi. Sai ta sauke muryarta ta yi kauri, ta koma ta wata mace mai shekara arba'in da ba a taɓa gani ba a Gwarzo. Da sunan Baƙuwa take sakin waƙoƙin. 'Yan mata suna ta yi a wayoyinsu har a layinmu, babu wadda ta san a bayan katangar nan aka dafa.

Mu uku muka sani: ni, ita, sai Zubair.

Zubair shi ne mai neman ta, malamin gona ne, ɗan Dagaci Datti na wani gari a gefen Kabo. Yaro mai kunya, mai wanke babur kamar zai ci abinci a kansa. An kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka. Sai dai ku tsaya ku ji wane gida ne. Dagaci yana da ƙanwa, Zulaihat, wadda tun tana budurwa take waƙa a gidajen biki. Aka hana, ta ƙi, wata rana ta bi masu kiɗa ta tafi. Shekara ashirin da wani abu ke nan ba a ambatar sunanta a gidan. Ya kuma rantse a gaban mutane cewa mawaƙiya ba za ta kwana a gidansa ba, ba 'ya ba, ba suruka ba. Matan gidan dai suna jin waƙa, har su taka idan yana fada. Saurare halal, yi ne haram, haka dokar gidan take.

Ana nan bikin Rukayya ƙanwar Zubair ya taso. Wayar Jannat tana kan tabarma tana alwala, saƙo ya shigo. Kar ku tambaye ni yadda aka yi idona ya faɗa kai.

"Ranki ya daɗe, Rukayya ta ce in ba Baƙuwa ce ta yi mata waƙa ba, ba za ta zauna yini ba. Na ce mata ina da hanya."

Ta dawo ta karanta, ta rubuta masa, ina leƙe ta kafaɗarta: "Ka san a gidan da za a kunna ta kuwa?"

"Na sani. Wa zai gane? Ni kaina sai na rufe ido nake jiyo ki a ciki."

Na ce, "Ke, kar ki yarda. Gidan Dagaci fa."

Ta ce, "Inna, ke da wa ya ce ki karanta?"

Ta yi waƙar. Wallahi ban taɓa jin ta yi mai daɗinta ba. Ran Laraba tana cikin haɗawa ta cire abin kunnen ta juyo.

"Tsohuwa, ki ara min guɗa mana. Ƙarshen ya yi fayau."

To a nan sai na gaya muku ko ni wace ce. Shekara arba'in da biyar babu amaryar da aka kai ɗaki daga Gwarzo zuwa Kabo, har Unguwar Tudu, ba a aiko an ɗauke ni ba. Guɗata hawa uku ce. Ta farko ta tashi, ta biyu ta hau kanta, ta uku kuwa idan ta kai ƙoli sai ta karye ta zubo da wani ɗan fito da ke fita ta giɓin nan nawa na sama. Mata sun gwada sun gaji. Akwai wadda har ta ce za ta cire haƙori.

Na shiga bargon nan, na kama hanci, na saki ɗaya. Layukan suka yi ja gaba ɗaya.

Jannat ta dafe kunne. "Inna, za ki fasa min makirfo! Matsa baya."

Na matsa na ƙara. Ta ce ya yi. Sai na ga ta kwafi layina ta mayar da shi biyu. Na asalin ta danna masa M ya yi toka-toka. Ɗayan ta shiga yi masa aiki, ta yanke fiton ƙarshen, ta siranta shi, ta tura shi can baya da amsa-kuwwa. Ta sa min abin kunne na ji.

"Mene ne wannan?"

"Guɗarki ce."

"Wannan? Wannan ai mage ce ta faɗa rijiya."

Ta yi dariya har da kwanciya. Da ta tashi sai fuskarta ta canja. "Inna, duk ƙasar nan babu wanda bai san guɗarki ba. In aka ji ta a waƙar Baƙuwa, an san ɗakin da aka yi ta. In aka san ɗakin, an san ni. Kin gane?"

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin. Wannan shi ne abin da ke hana ni cin abinci yanzu.

Ran Juma'a, jajibirin yini, kwana biyu ba mu ga wuta ba, kwamfutar saura ƙiris ta mutu. Ta gama komai, ta saurara daga farko har ƙarshe, ta ce saura fitarwa kawai. Sai ga ƙarar babur ɗin Zubair a ƙofar gida bayan la'asar. Ta zari gyalenta ruwan toka, ta goga hoda a tsaye, ta fita zaure.

Ɗaki ya rage daga ni sai allon nan yana kallona.

Na ce bari dai in ji kaina sau ɗaya, yadda Allah ya yi ni. Na sa abin kunne, na nemo layin nan mai toka-toka, na taɓa M. Ya yi kore shar. Na kai ƙarshen waƙar yadda nake ganin tana yi, na danna. Jama'a! Ganga tana sauka, amshi yana janyewa, sai ga ni na taso a kansu, hawa ɗaya, hawa biyu, na uku ya karye da fitonsa. Tsigar jikina ta tashi. Na ɗan ja abin nan sama kaɗan. Na danna wa magen rijiya M, ta yi shiru. Na sake ji.

Sai takun takalminta. Na cire abin kunne na koma kan zogalena.

Ta shigo da sauri. "Hadari ya taso, zai koma Kabo kafin ruwa." Ta duba allon. "Kai, caji saura uku!" Ta danna fitarwa. Wani ɗan zare ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, a hankali kamar hawainiya.

Zan iya ce muku mantawa na yi. Zan iya cewa tsoron faɗanta na ji. Ƙarya ne. Ina kallon zaren nan yana cika, bakina a rufe, wani abu a cikina yana cewa bari Kabo ta ji. Ta tura waƙar cikin waya, allon ya ɗauke ɗif. Ta kunna farkon, ta tsallaka tsakiya, ta gyaɗa kai.

"Ban taɓa sakin waƙa ban bi ta har ƙarshe bayan fitarwa ba," in ji ta.

Zubair ya yi hon a waje. Na ce, "Ai kin ji ta ɗazu. Je ki, kar angona ya jiƙe."

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Ran Asabar na ci ado, atamfa shuɗiya mai ganyen kuka da mayafi fari, muka tafi da ƙawata Sa'ada mai ƙosai. Jannat ba ta je ba, kunyar gidan surukai. Tsakar gidan Dagaci cike da mata, an kafa rumfa, ƙasa da danshin ruwan jiya. Mai riƙe da taron ita ce Gwaggo Hajaratu, yayar Dagaci, doguwa, baƙa, cikin leshi ruwan ƙasa, carbi a hannu, mace ce da ba ta ɗaga murya don ba ta taɓa buƙata ba. Ko Dagacin in ta yi magana gyara zama yake.

Aka zaunar da mu kusa da ita, aka ajiye min faranti na alkaki. 'Yan mata suka jona lasifika, waƙar Rukayya ta tashi. Gida ya rikice. Amarya tana kuka, ƙawaye suna juyi, har tsofaffi suna kaɗa kafaɗa. Ni kuwa ƙarshen waƙar kawai nake jira. Na ɗauki alkaki guda na cusa a baki.

Ganga ta sauka. Amshi ya janye.

Guɗata ta tsaga gidan.

Mata wajen talatin suka waiwayo gare ni a tare, suna murmushi, sun zaci ni na saki. Suka same ni kumatu cike da alkaki, baki a rufe, guɗar kuwa tana ci gaba da hawa daga cikin lasifika. Ta karye, ta yi fitonta, ta ƙare.

Sa'ada, Allah ya shirye ta, ta daki cinyata. "La! Dela, ke ce a ciki! Yaushe kika san Baƙuwa ba ki gaya min ba?"

Na haɗiye alkakin da ƙyar. "Yo ni ina na san ta? Yaran zamani ai ɗaukar mutum suke a waya a wurin biki su liƙa inda suka ga dama."

Wasu suka ce haka ne, wallahi haka suke yi. Ban da Gwaggo Hajaratu. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce wa mai lasifikar, "Maimaita min ƙarshen." Aka maimaita. Ta saurara idonta a rufe.

"Wadda aka ɗauka a wurin biki," ta ce a hankali, "akan ji hayaniyar mata a bayanta. Wannan tsaf take, kamar a cikin ɗaki." Ta buɗe ido ta dube ni. "Ya jikarki mai kwamfuta? Tana lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya."

"Madalla. A gaishe ta."

Ban san yadda na iso gida ba. Jannat ta tare ni a ƙofa tana tambaya ya waƙa, an so ta? Na ce an so ta, kaina ke ciwo. Washegari aka kawo wuta, na ga ta buɗe kwamfutar, ta daɗe tana kallo, ta rufe. Ba ta ce min komai ba. Ranar ba ta kira ni tsohuwa ba, Inna kawai, da ladabi, kamar baƙuwa a gidan. Haka muka yi kwana shida. Ta dama min kunu, ta wanke min kaya, ta shimfiɗa min abin sallah. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Saƙon Zubair kuma ya rage tsawo. Wanda na gani na ƙarshe cewa ya yi: "Gwaggo ta karɓi wayar Rukayya tun ran biki ba ta mayar ba. Ba ta gaya wa Baba komai ba tukuna. Ta ce ita za ta kawo lefe da kanta ran Asabar."

Asabar ta zo. Lurwanu ya sa an share gida har bayan rumbu, an soya kaji, an yi waina. Shi murna yake, yana ta shiga da fita da sabuwar shadda, bai san komai ba. Motoci biyu suka tsaya, aka shigo da akwatuna shida ruwan zuma, aka jera a tsakar gida kan tabarmi. Maƙwabta suka cika. Jannat tana can ɗakin matar babanta an rufe ta, kamar yadda aka saba.

Aka yi gaishe-gaishe, an zo lafiya, ya hanya, ya damina, ya mai martaba Dagaci, ya gajiyar biki. Gwaggo Hajaratu ta ciro mabuɗai daga jaka, guda shida a zare ɗaya, ta buɗe akwatunan da hannunta. Mata suka yi ta ɗagawa, atamfofi, lesuka, takalma da jakunkunansu, sarƙa har kala uku. Da aka gama gani ta mayar ta rufe kowanne, ta kulle. Al'ada dai a nan sai a miƙa wa uwar ɗaki mabuɗai, a yi guɗa, a tashi.

Ta riƙe su a tafin hannunta. Da ɗaya hannun ta ciro wayar Rukayya ta ɗora a kan babban akwatin.

"Inna Dela," ta ce, "kaya sun shigo gida babu guɗa? Ga mai ita a zaune. A rangaɗa mana."

Mata suka ɗauka, "Ƙwarai kuwa! Dela, tashi! Ta jikarki ce yau!"

Na miƙe. Na dubi wayar nan a kan akwati. Na san abin da take so: ta ji ta bakina, ta kunna ta cikin waya, kowa ya auna da kunnensa. Na dubi ƙofar ɗakin da Jannat take, labulen yana ɗan motsi.

Na kama hanci. Na toshe giɓina da harshe. Na saki wata aba, ni kaina ban san sunanta ba. Hawa ɗaya ta yi ta shaƙe, ta koma kamar kukan tsohuwar akuya, na ƙarasa da tari.

Gidan ya yi tsit, sannan dariya ta fashe. Sa'ada har da riƙe ciki. "Wayyo Dela ta tsufa! Guɗa ta ƙare!" Wata daga cikin 'yan Kabo ta ce, "Ashe dai ta cikin waƙar tsohon ɗauka ce." Wata yarinya da ban san ta ba ta karɓe ta yi tata, siririya mara gishiri, aka tafa mata. Shekara arba'in da biyar, a tsakar gidana na binne su, a gaban maƙwabta.

Na ce a raina, ba komai, an tsira.

Da za su tafi Gwaggo Hajaratu ta ce in raka ta ta ga ɗakina, wai an ce ina da kwanukan da. Muka shiga mu biyu. Ta tsaya tana kallon katifar da ke jingine a bango, da bargo a ninke a kanta, da igiyar makirfo da ta leƙo daga ƙarƙashin gado. Ba ta kalli kwanuka ba.

"Dela, ke kika yi min guɗa ranar da aka kai ni. Ina cikin lulluɓi ina kuka, fiton nan naki ne ya sa na yi dariya. Sati biyu da suka wuce na ji ki a bikin suna a gidan Malam Jalo, lafiyarki ƙalau."

Na sa ƙafa na tura igiyar makirfon ƙarƙashin gado.

"Da kin yi ta daidai, da na ce wataƙila satar muryarki aka yi ba ki sani ba. Amma macen da ta yarda aka yi mata dariya a gidanta, akwai wanda take karewa." Ta jefa mabuɗan cikin jaka, na ji ƙararsu. "Na ga abin da ɓoye-ɓoye ya yi mana a kan Zulaihat. Ba zan sake ɗaukar wani in kai gidan ƙanina ba. Nan da Juma'a ya ji daga bakin yarinyar. In bai ji ba, zai ji daga nawa, a zo a kwashe kayan nan."

Ta gyara mayafi ta fita tana yi wa mata sallama da fara'a. Babu wanda ya lura ba a ba da mabuɗai ba sai Lurwanu, da ya leƙo yana tambaya. Na ce mantuwa ce, za a aiko.

Aka shigo da akwatunan ɗakina, suka cinye rabinsa. La'asar ta yi, gida ya watse. Jannat ta shigo ta zauna a kan tabarma ta buɗe kwamfutar. Na zauna a bakin gado.

"Jannatu, ni ce na..."

"Na sani, Inna. Tun ran Lahadi na gani. Kin ma ɗaga shi har ya kusa taɓa ja." Ba ta juyo ba. "Na ji abin da kika yi ɗazu. Na kuma ji abin da ta ce, ina bayan taga."

"Ki goge komai. Mu ce sata aka yi. Zan rantse."

"Ki rantse a kan ƙarya da furfurarki?" Sai yanzu ta dube ni, idonta jajir amma babu hawaye. "Kwana shida ina jin haushinki. Na ce tsohuwar nan ta kashe min aure don a ji ta. Yau da na ji kin shaƙe muryarki saboda ni, mata suna dariya, sai na ji kamar in fito in mari wani. Minti ɗaya kika yi a haka, Inna, na kasa jurewa. Ni shekara biyu ke nan nake yi wa kaina."

Ta juya ga allon. Ta je layin muryarta, ta danna wani abu, ta danna wani. Na gane abin da take cirewa.

"Ke! Mayafin ne fa!"

"Shi ne."

Ta sake haɗa waƙar a gabana. Da kaurin nan ya tafi sai muryar ta yi sama ta rabu da ganga, dole ta sauke fiyano, ta rage bes, ta matsar da amshi gefe da gefe don ta samu wurin tsayawa a tsakiya. Guɗata ma ta sauke ta kaɗan, ta ce ta yi ƙarfi da yawa, ko a gaban Dagaci ba za ta saki aiki mara kyau ba. Ta fitar. Wannan karon ta saurara tun daga farko har ƙarshe, a lasifika, ƙofa a buɗe. Murya ce ta yarinyar da na goya, wadda duk layin nan suka san ta da ita tun tana tallan gyaɗa. Na ga inuwar Lurwanu ta tsaya a tsakar gida da buta a hannu, ba ta motsa ba har waƙar ta ƙare.

Ta rubuta wa Zubair: "Ka kunna wa Baba wannan. Ka ce Jannat ce ta rubuta, ta rera, ta haɗa. Kar ka ba shi haƙuri a madadina. In ba za ka iya ba ka gaya min, in zo da kaina."

Ta tura. Alamar nan biyu ta yi shuɗi nan take. Ba amsa.

Lahadi ba amsa. Lurwanu ko tuwon da aka kai masa bai ci ba. Litinin ba amsa. Ina zaune ina kallon akwatuna shida da ƙananan kwaɗunansu, in na gaji in kalli wayar.

Yau Talata gab da azahar wayar ta yi ƙara. Jannat ta karanta, ta miƙo min da kanta, karo na farko a rayuwarta.

"Na kunna masa jiya a turakarsa. Ya ji sau biyu. Bai yi faɗa ba, ni faɗan na so. Ya ce, 'Haka Zulaihat take jan ƙarshen baiti.' Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ya karɓi mabuɗan daga hannun Gwaggo ya sa a aljihu. Mun taso yanzu, shi da kansa, ya hana kowa biyo mu. Ya sa an cire kujerun bayan motar, ban san dalili ba. Ya ce ki bar kwamfutar a kunne, kuma Inna Dela kar ta fita ko'ina."

Daga Kabo zuwa nan ba nisa. Jannat ta yi wanka ta sa doguwar riga baƙa da farin hijabi, ta jawo kwamfutar ta ɗora a kan babban akwatin, layukan nan duk a buɗe, babu ko ɗaya mai toka-toka. Lurwanu yana zaure yana shimfiɗa darduma. Mai injin niƙa ya kashe ya tafi masallaci, unguwar ta yi shiru irin wanda muke jira mu ɗauki murya.

Ni dai na sha ruwan ɗumi da zuma, na gyara maƙogwaro. In mabuɗai ya ciro daga aljihun nan, Gwarzo za ta ji hawa uku da ba ta taɓa ji ba. In kuwa kujerun da aka cire na akwatuna ne, to waccan ta akuyar ita ce guɗata ta ƙarshe a duniya.

Ga mota nan ta tsaya a ƙofa.